Renata da Jan Dutsen Bayan Ruwa

Renata Quiroz direbar motar 'yan makaranta ce a Las Vegas. Da zafi ba ta zuwa ko kusa da Red Rock, wurin hawan dutse da ke bayan gari, don dutsen ƙona hannu yake yi. Amma da zarar Disamba ta kama, duk Asabar tana can da igiyarta, yau shekara talatin ke nan.

Abokan hawa sun san ta da hali guda. Kafin ta kwance igiya sai ta durƙusa a gindin dutse, ta tona yashi da yatsa. In ta ji danshi, ta fasa ke nan. Jan dutsen nan yashi ne da ya dunƙule, yakan sha ruwa ya ɓoye a ciki, fuskarsa a bushe, cikinsa kuwa ya yi laushi.

Ran Laraba aka yi ruwa. Ran Juma'a ƙanenta Efraín, wanda ya saba hawan bangon roba na cikin ɗakin motsa jiki a Chicago, ya ja ta suka fita, don washegari jirginsa zai tashi. Rana ta fito tas. Renata ta tona, yashin ya manne mata a farce.

Ta ce su koma gida su ci tamale, wani abincin masara mai kama da alala. Ya shafa dutsen, ya nuna mata tafinsa a bushe, ya ce tsufa ne ya fara kama ta.

"Yaya, ke fa ko ƙofar gidanki sai kin tona kafin ki shiga."

"Kai kuma ƙaramin nan, dutsen da ka sani da sukurudireba aka ɗaura shi."

Ya yi dariya, ya ɗaure takalmi, ya ce in ba za ta riƙe masa igiya ba, haka nan zai hau. Ta san shi tun yana rarrafe, zai aikata. Sai ta riƙe.

Ya wuce ƙusa ta farko cikin waɗanda aka kafa a jikin dutsen, ya saƙala igiya a jikinta, ya wuce ta biyu. Yashi ya fara zubo mata a hula, kaɗan-kaɗan. Sama da ƙusa ta uku ya kama wani leɓen dutse da dubban hannaye suka riƙe kafin nasa. Ko ƙara leɓen bai yi ba, ya ɓalle ya biyo shi.

Igiya ta miƙe, ta fizge ta har ƙafafunta suka bar ƙasa. Efraín na lilo a sama, yana cewa ai ga shi lafiya lau. Ita ba shi take kallo ba. Ƙusar da ke ɗauke da shi take kallo, yadda jan gari ke fita daga raminta.

"Kar ka motsa," ta ce a hankali. "Ko tari kar ka yi."

Ta dinga sakin igiya taƙi-taƙi, har takalminsa ya taɓa ƙasa. Ya zauna a wurin, ya kasa kwance ƙullin da ke ƙugunsa. Ita ta kwance masa.