Muryar Aslaug a Bakin Danguole

Masana sun gama magana: a duk harsunan Turai babu mai sauƙin koyo kamar harshen Norway. Danguole ma ta yarda. Ta taso daga Lithuania da harsuna huɗu a bakinta, har da Rashanci da Jamusanci, ta ce wa mijinta Rimantas wannan na biyar hunturu ɗaya ya ishe shi. Abin da masanan suka manta su faɗa shi ne, kafin ka koyi harshe sai ka samu mai yi maka magana da shi.

A garin bakin teku na arewa inda ta samu aiki a gidan kula da tsofaffi, mutane suna da kirki, magana ce dai ba su yi. A bas kowa kujerar da ba kowa kusa yake nema. A kanti, da zarar ta yi tuntuɓe a kalma ɗaya, sai mai kanti ya juya zuwa Turanci don ya taimake ta. Haka suka yi ta taimakonta har shekara ta zagayo ba ta iya komai ba sai godiya.

Mutum ɗaya ce ba ta taimake ta ba. Aslaug, tsohuwar ɗakin ƙarshe, 'yar tsibirin Lomvær ce, wanda aka kwashe mutanensa tun da daɗewa, ya rage sai tumaki da kaburbura. Ba ta jin Turanci, ba ta kuma san shiru ba.

"Ke 'yar Rasha, zo ki zuba mini kofi."

"Ni ba 'yar Rasha ba ce, Aslaug."

"Duk wanda ya fito ta gabas ɗan Rasha ne. Wannan kofi ne ko ruwan wanke kifi?"

Kullum labari ɗaya take bayarwa. Mijinta Eilif ya fita kamun kifi wata safiya, teku lafiya lau. Da yamma kwale-kwalen ya dawo shi kaɗai, safar hannunsa a ninke bisa kujera. In ta zo nan sai ta ja "eh" da numfashi zuwa ciki, ta murza babban yatsanta. Danguole tana gyara shimfiɗa tana saurare, shekara da shekaru.

Aslaug ta rasu a lokacin duhu, watannin da rana ba ta leƙowa kuma kowa ke kunna fitila a taga da tsakar rana. Bayan jana'iza ne aka fara lura. Ɗan marigayiyar yana kanti, ya ji mahaifiyarsa a bayansa tana tambayar ko kifin na yau ne. Ya ajiye kwandonsa a hankali ya fita bai waiwaya ba, bai kuma sake zuwa kantin ranar Alhamis ba, ranar da Danguole ke zuwa cefane. A gidan tsofaffi kuwa, Peder makaho ya ɗaga kai da Danguole ta shigo da magani tana gaisuwa.

"Aslaug? Ba an binne ki ba?"

"Sha maganinka, tsohon banza," in ji Danguole. Sai da maganar ta fita ta tuna ba ta taɓa ce wa kowa haka ba.

Solfrid, shugabar gidan, ta kira ta ofis.

"Danguole, ba na son abin da kike yi. Tsofaffin ba sa cin abinci."

"Me na yi?"

"Kin ji ko? Ko wannan tambayar ma ba da muryarki kika yi ta ba." Solfrid ta ɗan matsar da kujerarta baya. "Kuma ki sani, aikinki na wucin gadi ne. In ba ki ci jarrabawar magana kafin bazara ba, ba ni da ikon riƙe ki."

Danguole ta sayi littafi, ta haddace harshen da ake koyarwa, mai tsabta, wanda ba wanda ta taɓa ji yana yi a garin. A gaban madubi yana fita daidai. Da ta ji tsoro ko ta gaji, sai ya zame, karin harshen Lomvær da ta ji a bakin Aslaug ya taso daga ƙasa.

Ranar jarrabawa Rimantas ya kai ta a mota. Masu jarrabawar mata biyu ne daga kudu, masu murmushi. Ɗaya ta ce, "Ba mu labarin iyalinki."

Danguole ta nemi jimlolin littafi, ta tarar babu ko ɗaya. Ɗakin ya yi sanyi, ko da yake na'urar ɗumama ɗaki tana aiki. Ta ji ta ja numfashi ciki.

"Mijina ya fita kamun kifi wata safiya," in ji bakinta, "teku lafiya lau."

Ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ta faɗi yadda ta tsaya a kan dutse tana jira, da yadda kwale-kwalen ya shigo a hankali kamar ana tuƙa shi, da safar hannun da har lokacin take da ɗumi. Wannan na ƙarshe Aslaug ba ta taɓa faɗa mata ba. Da ta duba, sai ta ga tana murza babban yatsanta.

Ƙaramar cikin matan ta share ido. Babbar ta ce rabin maganar kawai ta kama, amma ba ta taɓa jin baƙo ya yi harshen ƙasar nan haka ba. Suka yi mata ta'aziyya, suka raka ta har ƙofa. Bayan makonni sakamako ya zo, ta ci, Solfrid ta ba ta aikin dindindin amma ta mayar da ita ɗakin wanki, inda ba a magana.

Shi kuwa Rimantas, a ranar jarrabawar yana cikin mota a waje yana cin burodi da cuku. Mai gyaran famfo ne, bai taɓa shiga kwale-kwale ba, amai yake sa shi.