Faifan da Gwadabe Ya Sa wa Baƙi

Gwadabe mai lasifika ba ya iya riƙe bakinsa, kuma bai taɓa cewa yana iyawa ba. Duk Ƙofar Na'isa an san shi da haka.

Sana'arsa ba da hayar lasifika a biki da suna, amma abin da ke ransa shi ne faya-fayan garmaho da yake sayowa a Sabon Gari, waƙoƙin baƙaƙen fata na Amurka da Jamaika da Afirka ta Kudu. Ba ya jin Turanci. Maƙwabcinsa Malam Nata'ala, malamin firamare, shi ke zama a bakin shago yana fassara masa: wannan kan kakanninsu ne da aka ɗaure aka loda a jirgin ruwa, wannan kan wanda aka tasa daga kujerar mota saboda launin fatarsa. Sai Gwadabe ya bugi cinya ya ce, "Wallahi da ni suke." Kakarsa baiwa ce, kamo ta aka yi tana yarinya aka sayar a Kano. Tsofaffin unguwa sun sani, ba sa dai faɗa.

Shekarar da soja suka fara miƙa wa farar hula mulki, kasuwarsa ta buɗe. Kullum yana bayan motar kamfe riƙe da wayar lasifika, yana jin 'yan siyasa na rantsuwa cewa yanzu talaka da ɗan sarauta ɗaya ne. Shi kaɗai ya ɗauki maganar da gaske.

A shekarar ne Anas, ɗan wani gidan malamai na Kabuga, ya nemi auren Kulu, 'yar Gwadabe. Ita ma tana son sa, har ta fara tara kwanukan jere a ƙarƙashin gadon uwarta. Gidan su Anas suka turo dattawa biyu binciken asali. Irin wannan bincike maƙwabta ake tambaya, su kuwa sun riga sun haɗa baki: mutumin kirki ne, ba ya fashin jam'i, shi ke nan. Larai, matar Gwadabe, ta roƙe shi ya rufe shago ranar.

Bai rufe ba. Da ya hango baƙin sai ya yafito su, ya shimfiɗa tabarma, ya ɗora faifai.

"Alhaji, ka san abin da bawan Allahn nan yake faɗa? Kakarsa aka sayar. Ni ma tawa kakar haka. Ga shi yau duniya ta yi tsit tana sauraronsa."

Babban cikinsu ya jawo takalminsa. "To, Malam Gwadabe, madalla. Za ka ji daga gare mu."

Ba a sake jin su ba. Bayan babbar salla Anas ya auri wata. Kulu ta yi aure daga baya a Gusau, ta bar gida ba ta yi wa ubanta sallama ba. In ta zo ganin gida, ɗakin uwarta take wucewa kai tsaye, shi yana zaure yana jin muryarta.

Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Ya dai daina sa faifan nan, ya naɗe shi a tsohuwar rigarsa. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya kira Larai da Malam Nata'ala, ya nuna musu ƙullin.

"Ku kai wa Kulu. Malam, ka bi Larai ka fassara wa Kulu, tun daga farko har ƙarshe, kada ka sassauta. Ba sai ta yafe mini ba. Ta dai zauna ta ji."