Gudunsa ko Gudunta

Shekarar da ƙwarin nan masu jajayen idanu, dangin gyare, suka fito daga ƙarƙashin ƙasa suka cika Maryland da kuka, ita ce shekarar da na cika goma sha uku. An ce sai bayan shekara goma sha bakwai suke fitowa, ikon Allah. A unguwarmu ta Bowie ba ka iya buɗe taga da rana saboda ƙara, in ka taka ciyawa kuwa sai ka ji ɓawonsu na farfashewa a ƙarƙashin takalmi. Da suka sake fitowa ina magidanci, kukansu bai tuna mini komai ba sai filin bayan makarantarmu, da kawuna tsaye da na'ura a hannu.

Bari in fara gaya maka yadda Baba da Kawu suke. Baba likita ne, mutumin Zariya, mai faɗar abin da ke ransa ko a gaban wa. Kawu yayan Umma ne, Bakano, ma'aikacin sashen Hausa na wani gidan rediyo a cikin Washington, kuma duk abin da ya mallaka na alfahari a harshensa yake. Wata ranar Sallah, falonmu cike da baƙi, Baba ya kwaikwayi yadda Kawu ya fassara sunan wata cuta a labarai, ya ce Hausar rediyo ko a kasuwar Kurmi sai an nemo mata tafinta. Aka yi dariya. Kawu ya ajiye cokali, ya goge hannu. Tun daga ranar gaisuwarsu ta zama irin ta mutanen da suka haɗu a layin banki.

Ni kuwa ban daɗe da zuwa ƙasar ba. A hannun kakana na tashi, na iya ajami kafin in iya boko, saboda haka duk wata baƙar magana da ta wuce tsakaninsu ina jin ta har ƙasanta. 'Ya'yan Kawu, da aka haifa a nan, sai dai su ga fuskoki sun canja.

Baba ne ya koya mini wasan kurket, wanda ya yi a kwaleji yana saurayi. A bayan gida yake kafa sanduna uku, ya miƙo mini jan ƙwallon fata mai tauri kamar dutse, mai ɗinki a tsakiya. Sai in taho da gudu daga nesa, in juya hannu ta sama ba tare da lanƙwasa gwiwar hannu ba, in sake, ya bugi ƙasa ya nufi sandunan. Ban iya Turancin kirki ba a lokacin, ba ni da aboki, amma hannuna yana da ƙarfi. Wani tsoho mutumin tsibiran Karibiyan, mai horar da yara a can Virginia, ya gaya wa Baba cewa in jifana ya kai mil sittin a awa, zai sa ni cikin yaransa.

Matsalar ita ce hanya. Baba yana asibiti kusan kowace Asabar, Umma ce za ta riƙa tuƙa ni ta dawo da ni, ga ƙannena ƙanana. Ta ce ba za ta ƙare ƙarfinta a titi a kan zato ba. A auna, in na kai sittin ta yarda, in ban kai ba a bar maganar. Ta ƙara da cewa shaidar uba a kan ɗansa ba ta isa ba, yayanta ne zai auna. Ina jin ta yi haka ne don ta haɗa su a wuri ɗaya, ko Allah zai sa su shirya.

Kawu ya aro na'urar auna gudu a wurin wani maƙwabcinsa. Irin wadda 'yan sanda ke saita wa motoci ce, mai kunama kamar bindiga. In ka danna, tana kama abin da ke tahowa, in ka saki sai ta tsayar da lamba mafi girma da jan rubutu. Ranar Lahadi bayan la'asar muka je filin. Zafi ya yi nauyi, ƙwarin na ta kuka a bishiyoyi har sai an ɗaga murya. Kawu ya zo da farar shadda kamar mai zuwa ɗaurin aure, yana kakkaɓe ƙwari daga kafaɗa, yana cewa bai taɓa ganin wasan da ake wuni ana yi a tashi ba wanda ya ci ba. Baba ya tsugunna bayan sanduna da safar hannu, Kawu ya tsaya a bayansa. Baba bai ko waiwaya ba ya ce, "Yaya, ga ƙwallo nan zai taho. Ka auna gudunsa."

Na yi bisimilla na taho. Na ji ƙwallon ya fita daga yatsuna yadda nake so, ya faɗa safar Baba da ƙara.

"Sha biyu," in ji Kawu.

Baba ya ce na'urar ba ta gama farkawa ba, in sake. Na sake. Kawu ya ce sha uku, ya ce madalla, ana samun ci gaba. Baba ya miƙe ya leƙa, ya ga lambar da idonsa, ya tsaya yana kallon yatsan Kawu. Na koma na taho a karo na uku, idona ya cika da hawaye, na yi jifan da ban taɓa yin irinsa ba, sandar tsakiya ta tuge ta yi gefe. A wannan karon na ga Kawu ya dubi na'urar ya ɗan daɗe. Sannan ya danna wani maɓalli ya goge, ya ce wannan bai kamu ba.

Nan Baba ya gane. A jifa biyun farko, Kawu yana danna kunamar ina cikin gudu, ya sake ta kafin ƙwallon ya bar hannuna. Ƙafafuna yake aunawa.

"Ƙwallon na ce ka auna."

"Gudunsa ka ce, Likita. Yaron na ga yana gudu, na auna gudunsa. Ƙwallo mace ce. Ƙwallo ta shiga raga, haka muke faɗa duniya na ji. Da ita kake nufi, da gudunta za ka ce."

Baba ya ce tun da uwarsa ta haife shi ƙwallo namiji ne, ƙwallon mangwaro ma shi ake ce masa. Kawu ya ce to ai shi Hausar rediyo kawai ya iya, sai a nemo tafinta daga Kurmi. Ya nannaɗe na'urar a tawul, ya shiga mota ya tafi. Aka bar mu da sanda a kwance da kukan ƙwari.

A gida Kawu ya riga mu isa, ya gaya wa Umma sha biyu da sha uku, ya rantse abin da na'ura ta nuna ke nan, kuma bai yi ƙarya ba. Umma ba yarinya ba ce, ta san abin da aka yi. Amma in ta kai ni Virginia, ta ƙaryata yayanta a gaban mijinta ke nan, kuma shi kaɗai ne nata a ƙasar nan. Baba kuma girman kai ya hana shi neman wata na'urar, ya ce ba zai roƙi kowa shaida ba. Haka maganar ta mutu a tsakanin manya uku, ba wanda ya tambaye ni. Damina ta wuce, ganye ya zube, tsohon nan ya cika yaransa. Na daina kafa sanduna. Na yi shekara da shekaru ina durƙusa wa Kawu ina gaishe shi, zuciyata ba ta durƙusa ba, Allah Ya yafe mini.

Yanzu yaro da waya a hannu zai iya auna jifan ɗan'uwansa, ya maimaita hoton sau goma, ba a bukatar amanar kowa. Yaran ma ba su san ƙwallo na da jinsi ba, da Turanci suke kiran abinsu. A lokacinmu lamba ɗaya ce ta bayyana ta ɓace, mutum ɗaya ya gan ta.

Ina gab da yin aure Kawu ya ajiye aiki, ya shirya komawa Kano gaba ɗaya. Ya zo sallama, ya zauna a kujerar da ya zauna ranar Sallar nan. Gemunsa ya yi fari, na Baba ma haka. Aka sha shayi, aka yi maganar kaya da jirgi, kowa na kallon kofinsa. Da ya tashi, ya nemi gafarar Umma, ya sa mini albarka, ya kai bakin ƙofa ya sa takalmi ɗaya. Sai ya tsaya, bayansa na gare mu.

"Sittin da huɗu," ya ce. "Na ukun."

Ba wanda ya tambaye shi me yake nufi. Umma ta sunkuyar da kai. Baba ya ajiye kofi a hankali.

"Gudun wa?" in ji Baba.

Kawu ya sa ɗaya takalmin, ya gyara hula.

"Gudunsa," ya ce. "Ƙwallon."

Baba ya miƙe ya ɗauki makullin mota. Ya ce ranar tafiya kada a kira tasi, shi zai kai shi filin jirgi.