Malam Bubayero, Mai Tambayar Ƙarfe Kafin Ya Yanka Shi

Ranar Asabar, 10 ga Mayu, 2025, ina duba takardun ɗalibai a Ajingi, Mudassir ya kira ni ya ce Allah Ya karɓi ran mahaifinsa, Malam Bubayero mai injin sassaƙar ƙarfe a Gaya, bayan jinyar mako uku. Na Allah muke, gare Shi za mu koma. An yi masa sutura bayan sallar La'asar.

Baffa, na ga waɗanda suka raka ka makwancinka: masu injin niƙa, masu tarakta, manoman rani daga Balan da ka sha sassaƙa wa famfunansu sabuwar sanda. Kowa da abin da yake tunawa. Ga nawa.

Shekara tara ke nan da aka turo ni koyar da aikin ƙarfe a wata sakandare. Na tarar da injin sassaƙa lulluɓe da tamfal, ba mai taɓa shi. Shugaban makaranta ya ce masu duba makarantu za su zo ƙarshen zango. In ba su ga injin yana aiki ba, za a ɗauke shi a rufe ajin, ɗalibai ashirin da uku su koma wani darasi. Ni kuwa ilimin takarda ne da ni. Na sayo guntun ƙarfe wajen 'yan gwangwan, na saita gudun inji yadda jadawalin littafi ya nuna. A yini ɗaya na ƙona wuƙaƙen yanka uku, alhali huɗu ne kaf a makarantar. Na zuba su a buhu tare da ƙarfen, na hau babur zuwa shagonka, kunya kamar ta kashe ni.

Ka juya ƙarfen a hannunka, ka ce, "Malam, ka tambaye shi daga ina yake?"

Sai ka ɗora shi kan dutsen wasa. Tartsatsi suka fito gajeru, suna farfashewa. Ka ɗora wani guntu, nasa suka fito dogaye, a miƙe. Ka ce, "Na biyun nan mai taushi ne. Naka kuwa sandar tayar tsohuwar gingimari ce, ta fi ƙarfin gudun da ka ba ta. Littafinka yana zaton kowane ƙarfe daga kamfani ya fito da takardarsa. Namu na nan kowa da wahalar da ya sha."

Ka wasa mini wuƙaƙen nan uku suka dawo daidai. Asabar shida ina zuwa. Ka koya mini in rage gudu, in daidaita bakin wuƙa da tsakiyar ƙarfe, in riƙa kallon ɓarɓashin da ke zuba: da ya fara yin shuɗi, zafi ya yi yawa. Ran da na makara ka ce, "Malamin makaranta da latti? Da a wajenku ne yau sai shara." Ka miƙo mini tsintsiya, kuma na share.

Ranar da masu dubawa suka zo, sai ga ka da janaretanka a bayan a-kori-kura don kada rashin wuta ya tsayar da injin, wai kasuwar gyaɗa ka zo ka biyo. Ka zauna a bayan aji. Wani jami'i daga cikinsu ya zaro wani ƙarfe daga tarin da ke ƙasa, ya miƙa wa Zuhra, ɗaya daga ɗalibaina. Ba ta nufi inji ba, ta nufi dutsen wasa. Ya tambaye ta dalili, ta ce, "Yallaɓai, sai na san irinsa zan san gudunsa." Ta yanka shi sumul. Ba a ɗauke injin ba. Da shugaban makaranta ya shiga yabona, ka sa takalmanka ka fita. Har ka bar duniya ba ka gaya wa kowa ni ɗalibinka ne ba. Yau na faɗa da kaina, Baffa, kuma na gode. Ajin yana nan, bana ɗalibai arba'in da ɗaya ne a cikinsa.

Ina miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinsa Inna Hure, da 'ya'yansa Mudassir da Hindatu, da dukan dangi na Gaya da Balan. Allah Ya ba ku haƙuri. Allah Ya gafarta wa Malam Bubayero, Ya yalwata kabarinsa, Ya haskaka shi. Duk hannun da ya ci halal da sana'ar da ya koyar, Allah Ya kai masa ladan inda yake kwance. Amin.

Abdulsalam Gaji, Ajingi