Taken da Muka Samo a Turmi

Na daɗe ina riƙe da 'yan gangar makarantarmu ta firamare a Isa. Ba wai na fi kowa iya kiɗa ba ne. Sauran malamai ba sa jure hayaniya, ni kuma ba na jure ganin yara suna maci kamar an saki awaki daga turke. Kayanmu ba su taka kara sun karya ba: babbar ganga ɗaya, da ƙanana 'yan kaɗan masu zaren waya a ƙasa. Duk shekara idan damina ta ja baya, aikina na farko shi ne zaɓen taken da za mu shiga da shi faretin ranar 'yancin kai.

Zaɓen take ba wasa ba ne. Filin faretin rairayi ne, yana cin ƙafa. Idan kiɗa ya yi sauri, ƙananan yara su rage a baya suna haki. Idan ya yi sanyi, layi ya dinga tangaɗi. Dole ƙafar hagu ta sauka tare da babbar ganga, kuma na ƙarshen layi ya ji ta sarai. Muna da take ɗaya da muke taƙama da shi. Ƙananan ganguna ne ke buɗe shi da ruwan sanduna ba ƙaƙƙautawa, sannan su sare da duka mai ƙarfi a bakin ƙarfen gangar. Duk sanda muka yi shi a gaban rumfar manyan baƙi sai an tashi tsaye. Ina son taken nan ƙwarai, har yau ma.

A shekarar da nake magana, 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka da dama tsakaninmu da Sabon Birni. Mutane suka bar gero ya nuna a gona ba mai yanka, suka shigo gari da abin da kai zai iya ɗauka. Aka ba wasunsu azuzuwan bayan makarantarmu su zauna, 'ya'yansu kuma muka raba su cikin namu. A cikinsu akwai wata yarinya doguwa, marar surutu, da kakarta ta fito da ita. Iyayenta ba su fito ba, mu kuma ba mu tambaya ba.

Nakan fara koyar da maci da baki ne, hagu, dama, kafin a ɗauko ganguna. Tun a nan na ga yarinyar. Takunta a natse, kafaɗa a miƙe, ta saba ɗauko tulu daga nesa ba ta zubar ba. Na sa ta a gaban layin 'yan mata. A ranar ne na fara ganin haƙoranta.

Ranar da aka fito da ganguna, na ɗaga hannu, yaran suka saki taken namu. Kafin in sauke hannun, duk 'ya'yan baƙin nan suna kwance, fuska a cikin ƙasa, hannu a ƙeya. 'Yan gari suka fara dariya, sai dariyar ta mutu da kanta. Daga azuzuwan baya mata suka fito da goyo suna neman katanga. Ni da na yi shekara da shekaru ina jin kiɗan nan, sai a ranar na ji da me ya yi kama: harbin bindiga. Yarinyar kuwa a bayan buhunan kakarta muka same ta.

Washegari hedimasta ya kira ni. Mutumin kirki ne, tausayi da tsoron jin kunya ne suka haɗu masa.

"Malam, hidda ɗiyan ga daga macin bana. In sunka zube gaban jama'a, mi za mu ce? Taken ga shi ka jawo muna yabo."

"Ranka shi daɗe, an riga an hidda su daga gidajensu. Ni ba ni ƙara hidda su daga ko'ina. Taken za ni ajewa."

Da zafi na faɗa, don ni ba a san ni da sanyin baki ba. Ya dube ni ya ce to, in nemo wani.

Faɗa ya fi yi sauƙi. Duk taken da na sani akwai ruwan sandunan nan a cikinsa. Na gwada babbar ganga ita kaɗai, yara suka yi ta jan ƙafa kamar masu dawowa daga gona. Yarinyar ma ta daina fitowa fili, daga taga take leƙenmu. Abin ya tsaya mini a rai, don na san idan fareti ya wuce tana bayan tagar nan, ni na ajiye ta a can.

Wata la'asar na bi ta bayan makaranta, na tarar matan suna daka. Yarinyar da kakarta a turmi ɗaya, wannan ta sauke taɓarya, wannan ta ɗaga. Can sai yarinyar ta cilla tata sama, ta tafa, ta cafe, lugude sosai. Ƙarar ba kaɗan ba ce, amma ba wanda ya razana, har da jariran da ke goye. Na tsaya ina bi da ƙafa: hagu, dama, hagu, dama. Takun maci ne cif.

A kansa na gina sabon take. Babbar ganga ta ɗauki saukar taɓarya. Ƙananan na sassauta musu waya, na shimfiɗa ƙyalle a fatar, suka ɗauki tafin. 'Yan gari suka sa masa suna macin daka, suna tambayata ko fura za mu kai wa ciyaman. Na ce wanda ya ɓata taku shi zai yi tankaɗe. Yarinyar ta dawo gaban layi. Bayan an tashi kuma nakan miƙa mata ƙaramar ganga da sanduna, in cire ƙyallen, in ce ta buga yadda ta ga dama. Da farko da yatsa take taɓawa. Daga baya ta iya sakin sandunan da kanta, tana runtse ido.

Ranar fareti muka shiga da takenmu, layi kamar an ja da zare. Kakar tana bakin igiyar 'yan kallo da zanen fita, tana nuna wa mata jikarta. Amma ni ikona a kan gangunan makarantarmu ya tsaya. Muna dab da rumfa, makarantar da ke bayanmu ta buɗe nata kiɗan, kuma tsohon takenmu ne, sun koya a wurinmu.

Na ga kafaɗun yaran sun zabura gaba ɗaya. Na yi wa mai babbar ganga tsawa ya ƙara hannu. Ba wanda ya kwanta. Yarinyar ta cije leɓe, ƙafarta ta hagu ta sauka inda ya kamata, ni kuma na ji ƙwalla ta cika mini ido.

Sai ta juya kai wajen 'yan kallo. Kakarta tana kwance rub da ciki a cikin rairayi, hannuwa a ƙeya, mutane sun ja baya suna kallonta.

Yarinyar ta fita daga layi, a gaban manyan baƙi duka. Ba wanda ya matso ya cike gurbinta, haka layin ya wuce rumfa da giɓi a gaba. Na bi ta. Ta durƙusa ta dafa bayan tsohuwar.

"Inna, tashi. Ganga ta."

Tsohuwar ba ta ɗago ba. Ta laluba ta kama ƙafar yarinyar, tana jawo ta ƙasa.

"Kwanta, ɗiyata, kwanta. Ba su wuce ba."

"Wallahi ganga ta, Inna. Ni ma na buga ta da hannuna."

Ta yi ta maimaitawa, tana kakkaɓe mata rairayi daga ɗankwali, har kiɗan ya yi nisa.