Gayyar da Ba Wanda Ya Zo

Ina ajin ƙarshe a sakandare wani malaminmu ya samar min gurbi a karatun share fagen jami'a, wanda ake yi Asabar da Lahadi a wajen Rijiyar Zaki. Duk wanda ya ci jarrabawarsa, aji biyu zai faɗa a jami'a kai tsaye. Ga maraya irina, wanda gona ɗaya ke ciyar da shi da uwarsa, rage shekara guda ba abin wasa ba ne.

Matsalar ita ce a garinmu Asabar ranar gayya ce. Yau a yi wa wannan noma, mako mai zuwa a yi wa wancan, wanda bai je ta mutane ba kada ya sa ran ganinsu a tasa. Nakan bar darasi in je wasu, da na samu hutu kuma in rama wa saura. Guda ɗaya ce ta kuɓuce min, ta Baffa, yayan mahaifina, domin ta faɗo ranar gwaji. Sai da na je har zaurensa na durƙusa na ba shi haƙuri.

"Je ka, ɗan jami'a," ya ce yana murmushi. "Allah ya ba da sa'a."

Ashe murmushin mugunta ne. Ranar tamu gayyar Inna ta yi sammako ta tuƙa tuwo tukunya biyu, ta dama fura. Na wasa fartanya na tafi gona. Hantsi ya ɗaga, ko mutum ɗaya babu. Baffa ya bi samari gida-gida ya ce na fi ƙarfin noma, a bar ni da biro. Inna ta rufe tuwon ta shige ɗaki. Ciyawa ta ci rabin geronmu, kafin damina ta zagayo awon hatsi muke yi a kasuwar Dawanau. Na tsani mutumin nan, ba kuma zan ɓoye ba.

Sau biyu na ce zan bar karatun, Inna ta ce in na bari ba ita ta haife ni ba. Na ci jarrabawa, na shiga aji biyu. Nan take Baffa ya fara kirana "ɗanmu" a bakin masallaci. Wata rana sai ga shi da autansa, wai in kai yaron inda na yi.

"Ba komai, Baffa," na ce. "Amma sai uba ya je da kansa. Zan turo da rana."

Na jira har aka yi ruwan shuka. Washegari, ranar da kowane magidanci ke rige-rigen binne iri kafin ƙasa ta bushe, na aika su jira ni a bakin titi. Baffa ya sha babbar riga da hula, ya tsaya cikin rana har la'asar, maƙwabta na wucewa da sungumi suna yi masa sannu. Ni kuwa ina gonarmu ina shuka. Bai samu wani ruwan ba sai bayan kwanaki, geronsa ya zo a makare.

Yaron na kai shi daga baya, ba shi ya yi min laifi ba. Har yau Inna tana cewa in je in nemi gafarar Baffa, babba babba ne. Nakan ce mata in sha Allahu, ran da ya zo ya nemi tata.