Igwar da Yayana Ya Kawo

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, yayana mai fataucin gero ya kawo wa yarana igwar wasa daga Maraɗi. A jikin kwalinta an zana ƴan fashin teku, mu da ba mu taɓa ganin teku ba. Ana ɗura mata darma kamar ƙwayar wake, a ja waya, ta harba.

Lokacin ina da goyo, ga daka, ga ɗiban ruwa, sai aka ƙara mini tsintar darma a tsakar gida. Ranar kasuwar Dakoro ɗiyata mai shekara uku ta cusa ɗaya a hanci. Na goya ƙaramin, na saɓa ta a kafaɗa, muka yini a gidan likita kafin a zaro ta.

Washegari na kai wa maƙeri igwar. Ya sassauta wayar, ya sassaƙa harsashin icce wanda ya fi ƙarfin bakin yaro, ya ɗaure shi da zare. Yaran suka kwana biyu suna kuka wai na kashe musu igwa.

Da kaka yayana ya kawo wata ta roba, harsashinta ƙato, ɗaure da igiya. Yana murna ya ce, "Kin gani, ƙanwata? Masu ƙera ta sun gyara."

Na ce, "Yaya, don Allah, in za ka dawo, ka riƙo mana sabulu."